Mijinyawa Ya Ɗinka Wa Sikirin Riga

In kunka je tashar Shagari kunka ce kuna neman Mijinyawa direba, za a tambaye ku wane, don su biyu na. Amma in kunka ce mai riga, ko mai sai da rake zai nuna muku shi da baki. Kuma ba rigar jikinai ake nuhi ba, wannan kam shadda guda shike sawa har ta yi laushi kamar tsumma. Kayanai na ba shi bari tsirara.

Tun shina yaro a Lambara abin yas same shi. Wani kawunai yad dawo daga kudu yak kawo mishi ƙaramar rediyo. Da wani yaron na, da gudu zai kai ta dandali shi ƙure murya. Shi ko sai yab bi 'yan kasuwa har Bodinga, yak kai ta layin dukawa. Nan yah haɗu da Lirwanu, wani tsaranai da ka koyon aikin hwata, shi yaɗ ɗinka mata riga ja da igiyar ratayawa. Rediyon nan har yau tana magana. Duk wanda yay yi wa Mijinyawa dariya, amsa guda shike ba shi: "Taka rediyon tana ina?"

Daga nan hwa sai abin yaz zame mishi jiki. Tocila riga, sirdin keke riga, waya riga kan riga. Rimot ɗin talabijin an naɗe shi da leda har ba a ganin lamba, sai dai ka danna da sa'a. Matatai Laraba cewa take ita shi yas sa ba ta daɗewa zaune wuri guda a gidan, kar ta yi gyangyaɗi ta buɗe ido ta iske Lirwanu shina auna ta.

Tuƙi kuwa daga ƙasa yat taso da shi. Yaron mota yah hwara yi a Bodinga, shina ɗaure buhunan albasa, shina kiran Sakkwato-Sakkwato har muryatai tad dishe, ba ta sake komawa daidai ba. Daga baya yas samu wata tsohuwar Golf ta kainai, yad daɗe shina jan ta tsakanin Shagari da Bodinga da birni. Kujeru riga, sitiyari riga, har sandar giya da 'yar hularta. Da mai yay yi tsada sai Golf ɗin nan taz zama rijiya, duk wahalar yini ita ka shanye ta. Ana nan yaj ji wani kamfani ya buɗe a Sakkwato shina sai da ƙananan motoci masu caji, ba mai, ba baƙin mai, ba salansa. Ya je ya gani, ya dawo gida ko tuwo bai iya ci ba. Ba a daɗe ba yas sai da Golf, yaƙ ƙara da shanun da yag gada wurin ubanai, yaj jawo mota hwara tas kamar ƙwai.

Ranar da tash shigo tasha ba wanda yaj ji zuwanta. Wata tunkiya na kwance tsakiyar hanya, ko kai ba ta ɗaga ba sai da yay yi mata hon. Nan take direbobi sunka sa wa motar suna Bebiya.

Gaban Bebiya ba komi sai sitiyari da wani sikirin tsaye kamar allon karatu, irin na waya mai shahwawa amma ƙato. Komi na motar shina cikinai. Gaba a nan, baya a nan, sanyi a nan, sauran caji a nan. In sikirin bai kawo ba, mota ba ta motsi ko wa ke ciki.

Wadda tab ba shi makulli injiniyar kamfanin ta, Kausar, wata siririya mai tabarau, 'yar Kaduna, Hausarta irin ta masu karanta labarai. Tac ce mishi:

"Baba, saurare ni da kyau. Motar nan tana da garanti. Duk abin da ya lalace ba da gangancinka ba, mu za mu gyara kyauta. Amma ka ga wannan sitikar mai sheƙi da ke kan sukurun ƙasan sikirin? Ranar da wani ya yage ta ya kwance, ba ruwanmu da kai. Kuma ka sani, sikirin ɗin nan shi ne abu mafi tsada a gaban motar."

Mijinyawa yad dahe ƙirji. "Injiniya, ni da ba ni barin ƙuda shi sauka ga kayana?"

To amma mutanenmu ba su iya ganin abu mai haske su ƙyale shi. Dillalin albasa zai shigo, hannu duk wari, shi dangwala yatsa shi ce, "Direba, wanga talabijin ta? Sa muna kokawa." Wata tsohuwa daga Sifawa a ciki tag gyara ɗankwalinta, tas sa yawu tag goge inda ba ta gani sosai. Wani sarkin karambani yat taɓa wani wuri, rubutun motar duk yak koma na 'yan Caina, Mijinyawa yay yi yini guda shina tuƙi da addu'a.

Ba sai an hwaɗa muku inda yan nuhwa ba. Lirwanu yanzu ya zama babban baduku, da shagonai da gemunai.

"Lirwanu, taho da ma'auni."

"Mi kuma kas sayo, Mijin? Ko yau Laraba ta yarda?"

"Hito ka gani, tsohon banza."

Lirwanu yah hito, yal leƙa cikin mota, sannan yac ce, "Wanga aikin barin suna na." Jar hwatar akuya yaz zaɓo, mai laushi. Yas sa mata soso daga ciki saboda gargadar hanya, yab bar taga ta leda a gaba don a riƙa dannawa, ga murhi mai maɓalli, ga tuntaye koraye a gehe. Tak kama sikirin tsam gaba da baya kamar a ciki anka haihe shi. Akwai wasu 'yan ramuka jere a bayan sikirin ɗin. Lirwanu yac ce ai nan na ƙura da kyankyasai ka shiga, don haka nan yah hi ninka hwata.

Wallahi ta yi kyau, ko maƙiyi bai musu ba. Masu irin motar suna da guruf a waya, na Bodinga da na birni duk suna ciki. Mijinyawa yaɗ ɗauki hoto yat tura. Ba a jima ba Lirwanu yad daina karɓar ɗinkin takalmi, ba shi da lokaci.

Lokacin ƙarshen damina na, gari da sanyi-sanyi. Bebiya tay yi ta tahiyarta lahiya lau har bazara tat taso da zahin nan namu, wanda in ka aje silifas a rana sai ka ɗauke shi da tsumma.

Wata rana da tsakar rana, daf da Sifawa, yat tsaya shi sauke fasinja. Zai tashi sai yag ga sikirin ya yi baƙi ƙirin. Ya shahwa, ya danna, ya yi bisimilla, ya ɗan buge shi sannan ya ba shi haƙuri. Mota ta ƙi gaba, ta ƙi baya. Fasinjoji sunka zauna gindin dogon yaro suna zagin 'yan Caina har la'asar, sai ga sikirin ya kawo da kainai, tas, kamar bai yi komi ba.

Tun daga ranar haka tak koma. Da sahe lahiya lau, da rana ta take sai ta ɗauke. 'Yan tasha kuwa sun samu abin yi.

"Mijinyawa, yau yaushe Hajiya ka tashi daga ƙailula?"

"A kai mata hura mana, ƙila yunwa ta!"

Fasinja ma sunka gane, in rana ta yi ba mai shiga Bebiya ko ita ta a layi. A guruf kuwa kowa kuka shike, sikirin ɗin wanga ya ɗauke, na wancan ya ɗauke. Wani yat turo murya shina rantsuwa cewa garantin nan a baki na kawai, shi ya kai tashi an ce ba a ga komi ba, kuma haka za a yi ta juya su har lokacin garanti shi ƙare.

Mijinyawa yaw wanke mota yan nuhi birni tun da sahe. Kahin shi shiga ƙohwar kamfani sai yat tsaya gehe, yaz zare rigar, yan ninke ta, yat tura ƙarƙashin kujera. Dalilinai biyu na: su ga gilashin ba ko ƙwarzane, kuma kar su samu abin kamawa su ce ya ƙara wani abu. Har a guruf yab ba da wannan shawara, anka yi mishi godiya.

Kausar tas sa na'ura tad duba, taz zaga gari da motar, tab bar ta a rana tana kunne har bayan azahar. Sikirin ko ƙyaftawa bai yi ba.

"Baba, lafiyarta ƙalau. Ni ban ga komai ba."

Yay yi godiya, yah hito, yat tsaya gehen titi yam mayar wa sikirin rigatai don kar shi sha iska. Shina isa Bodinga yaɗ ɗauke.

Haka anka sake yi, anka kuma sakewa. Kausar tah hwara kallonai ta saman tabarau, shi kuma yah hwara yarda da mai rantsuwar nan na guruf.

Wani zuwan da Laraba anka yi, ta je duba wata 'yar uwarta. A hanyar dawowa Bebiya ba ta tashi ɗaukewa ba sai gaban teburin Kamal, mai gyaran waya na tashar Bodinga. Fasinjoji sunka kwashe kayansu sunka koma wata mota ba ko sallama. Kamal yat taso da sukundireba a bayan kunne.

"Kawu, wanga hwa babbar waya ta kawai. Wani zare na yas saki ciki. Kahin ka gama shan ruwan leda na ɗaure shi."

Direbobi sunka taru. "Ba shi mana! 'Yan kamfani wasa suke da kai."

Mijinyawa ya gaji, gumi har cikin ido. Yad dubi kujerun da ba kowa, yac ce, "To, a hankali dai."

Kamal ya ɗage gindin rigar, bakin sukundireba ya kai ga sitika, sai ji kake ɗas, Laraba ta make mishi hannu daga kujerar baya.

"Kamal, wayata da nib ba ka gyaran sifika, har yau sai na juya ta ƙasa sama nake jin mai kira. Ɗauke hannunka." Taj juya ga mijinta. "Malam, shanun mahaihinka suna cikin sitikar ga. In yaron ga ya yage ta, sai dai mu kai Bebiya gida kaji su yi ƙwai a ciki."

Kamal yat tahi shina gunguni wai mata ba su san fasaha ba. Sunka zauna cikin motar har rana tay yi sanyi.

Ba a yi nisa ba sai ga abin da ake gudu. Wata sahiya sikirin yaƙ ƙi kawowa sam, anka jira la'asar, shiru, anka kwana anka tashi, shiru. Yak kira Kausar tac ce a kawo ta ko a kai za a ɗauko. Wata motar kanta mai ɗaukar albasa za ta birni da sauran wuri a baya, majiya ƙarhin tasha sunka taru da katakai da ihu, anka ciccibi Bebiya anka aza. Laraba tash shiga gaba. Mijinyawa yah hau bisa buhu kusa da motatai ya rahka tagumi, 'yan tasha na ɗaga mishi hannu suna cewa Allah shi ba Hajiya lahiya. Don tsabar ɓacin rai, ranar bai tuna da zare riga a ƙohwa ba.

Anka sauke mota. Kausar tab buɗe ƙohwa tas sa kai, sai tat tsaya cak.

"Baba, mene ne wannan?"

Mijinyawa yas sosa ƙeya. "Riga ta, Injiniya. Saboda hannun mutane."

"Tun yaushe?"

"Tun ƙarshen damina."

"Amma duk zuwan da kake yi ban taɓa ganinta ba."

"Ai tuɓe mishi nake a ƙohwa, don ki gan shi da kyau."

Kausar tab balle maɓalli, taj ja rigar da ƙyar, tal luguiguita soson ciki, taj juya tan nuna mishi ramukan baya.

"Baba, ta nan yake numfashi. Akwai 'yar fanka a ciki da ke fitar da zafi. Ka sa masa fata, ka sa masa katifa, a zafin Sakkwato. Ai dafa shi ka yi."

"Lirwanu yac ce ta nan kyankyasai ka shiga," in ji Mijinyawa, murya can ƙasa.

"Gaskiya zan faɗa maka, in manaja ya ga wannan zai iya cewa ganganci ne. Ganganci kuma garanti ba ya ɗauka."

Mijinyawa yan nemi wuri yaz zauna bisa wata taya. Sai Laraba tag gyara mayahi tam matso.

"Ɗiyata, tsaya in tambaye ki. Ranar da yas sayi motar ga, mi kic ce kar a yi?"

"Kar a kwance sukuru, Mama."

"Duba sitikarki."

Kausar tad duƙa tad duba. "Tana nan."

"Tana nan don ni nim make hannun wani a kanta. Duba gilashin, akwai ƙwarzane?"

"Babu. Ko ledar kamfani ba a ɓare ba."

"To kin ce mishi abin ga numhwashi shike kamar jariri?"

Kausar tag girgiza kai. "Ban faɗa ba. Ni ban taɓa zaton wani zai ɗinka wa sikirin kaftani ba."

"A garin ga ke kaɗai ta ba ki zata ba. Mu nan abin da mutum ke so shi shike suturtawa. Mutumin ga rimot ɗinai ma da riga. Ki kira shi wawa in kina so, ni ma ina kira, amma ba mai ganganci na ba."

Kausar ta buɗe baki za ta amsa, sai tat tsaya. "Dakata. Baba, bayan kai akwai wani mai irin rigar nan?"

Mijinyawa yaz zaro wayatai daga rigunanta, yab buɗe guruf yam miƙa mata. Ga ja, ga baƙa, ga koriya, ga wadda anka rubuta sunan mai motar da zare. Ƙasa kuma ga muryar Mijinyawa shina ba jama'a shawara su riƙa tuɓewa a ƙohwar kamfani.

Injiniya Kausar taz zauna bisa ɗayar tayar, tay yi dariya har sai da tac cire tabarau tag goge ido. Ashe duk bazarar nan ita ma ba ta huta ba. Motoci na zuwa da ƙorahi guda, tana dubawa ba ta ganin komi, masu ƙera motar can ƙasarsu suna ta tambayarta wai mi ke cikin iskar Sakkwato, don ba inda sikirin ke mutuwa haka.

Taɗ ɗauki rigar tash shiga ofis. Mijinyawa shina waje shina jan tasbaha, Laraba na cin gyaɗa. Can sai sunka ji dariyar namiji daga ciki. Kausar tah hito.

"Manaja ya ce sitika na nan, kuma mu ne ba mu yi bayani ba. Za a sa maka sabo, kyauta. Amma sai ka yi magana a guruf ɗin nan yanzu, a gabana, tunda kai suke ji."

Mijinyawa yam miƙe, yay yi gyaran murya, yad danna.

"Salamu alaikum jama'a, Mijinyawa na, na Shagari. Ina gaban Injiniya. Don Allah duk mai rigar Lirwanu shi zare ta yanzu-yanzu. Ashe abin ga numhwashi shike ta baya. Kuma garanti gaskiya na. Kuma kar wanda yaz zagi Lirwanu, ni nik kai mishi aikin."

Kahin su isa Shagari amsoshi sun cika wayar, rabi godiya, rabi abin da ba shi maimaituwa.

Yanzu Bebiya ta koma layi, tsakar rana ma lodi take. Sabon sikirin shina nan tsaye tsirara, kuma ko makaho ya san abin shina ci wa Mijinyawa rai. Tsumma na kusa da shi kullum, da wani ɗan tsinke da shike ɗanawa duk yatsan da yam miƙo. Ya dai lallaɓa Lirwanu ya yi mishi 'yar rumhwa ta sama wadda ba ta taɓa baya, sai da anka tura wa Kausar hoto ta gaba da ta gehe tac ce ta yarda.

Tsohuwar rigar kuwa Laraba tak karɓe. Tas sa Lirwanu yaɗ ɗan buɗa ta, taz zura kular tuwon da Mijinyawa ka tahiya da ita aiki. Tuwon da anka zuba da hantsi, in ya buɗe shi bayan la'asar a tasha tururi shike, sai ya hura kahin shi kai baki. Kullum sai ya ɗaga murhin ya nuna wa direbobi.

"Kun gani ko? Aikin Lirwanu ba shi da laihi. Wurin sawa na munka kuskure."